Boss Katana 50 a zafin Birnin Kabi: yadda na same ta, da abin da za ka duba kafin ka sayi amfilifayar jita

Salamu alaikum 'yan uwa masu buga jita, musamman namu na nan Kabi da kewaye, ba mu da yawa amma dai muna nan. Tun da na kawo amfilifayar nan tawa yara ke ta tambaya ta, oga wace iri ce, oga nawa ka saye ta, ni ma in na tara kuɗi ita zan saya ko akwai wadda ta fi ta, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya samu. Sunanta Boss Katana 50 MkII. Na ji daɗinta ƙwarai kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba ko kaɗan, amma ba kowa zan ce ya je ya saye ta ba, saboda amfilifaya ba sunan kamfani ake saye ba, ana sayen wadda za ta iya zama da kai a inda kake. Mu nan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, hunturu ya zo da ƙura, wuta ta zo yanzu anjima ta yi ƙasa ko ta ɗauke a tada inji, kuma yawancin kiɗanmu a fili ake yin shi ba cikin ɗaki ba. Turawan nan da kuke kallo a YouTube suna gwada kaya cikin ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, ba ƙarya suke ba, amma ba da mu suke magana ba.

Abu na farko da nike son yaranmu su cire a ransu shi ne wai kowace amfilifaya amfilifaya ce. In ka shiga babbar kasuwar Birnin Kabi ko ka je Jega ka ce kana neman amfilifaya, abin da za a ɗauko maka irin ta masallaci ce da wa'azi, Ahuja da 'yan uwanta, ko kuma sifikar nan mai taya da Bluetooth da fitilu masu walƙiya. Ahuja kaya ce mai ƙwari a aikinta, ta magana ce, kuma tana shekaru ba ta gaji ba. Amma ramin da ake soka makirfo daban yake da wanda jita ke so. Sautin da ke fitowa daga maganaɗisun jikin jitar lantarki rarrauna ne, shina son rami mai ƙarfin turjiya sosai, wajen om miliyan 1, om shi ne ma'aunin turjiyar, shi kuwa ramin makirfo nashi ƙasa yake da wannan nesa ba kusa ba, shi ya sa in ka soka jitarka can za ka ji sautin ya mutu, ya dushe, ka yi ta murɗa bolum ba ka jin jitar sai hayaniya. Sannan ita sifikar jita da gangan anka yi ta ba ta kai sauti sama can, wajen haz 5000 take fara sakewa, haz shi ne ma'aunin tsinin sauti, wannan ne ke sa in ka ƙara wa jita kaushi ya fito da daɗi. Sifikar biki kuwa tana da 'yar ƙaramar nan ta sama mai tsiwa, duk wani ƙaiƙayin sauti sai ta fito da shi ya riƙa sukar kunne. Yaro ya buga ya ji ba daɗi sai ya ɗauka hannunshi ne bai iya ba ko jitarshi ce ba ta da kyau, wani har ya aje jitar gaba ɗaya, kuma wallahi wannan na ba ni takaici don na ga yara masu hannu sun bari a kan haka.

Sai maganar wat, wadda ita ce ake cutar mutane da ita. Za ka ga kwali an rubuta 2000W ko 5000W da manyan baƙaƙe, sifikar ciki kuwa ba ta fi tafin hannu ba. Duba da kyau za ka ga an ƙara PMPO a gefe, wannan lissafin talla ne, wanda ake dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore. Kuma ko na gaskiyar ma ba yadda mutane ke zato yake aiki ba. Wat 100 bai ninka wat 50 ƙara a kunne ba, ɗan ƙari ne kawai, desibel 3, kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai ka ninka wat wajen sau 10. Abin da ya fi wat tasiri girman sifika ne da ingancinta. Inci 6 da inci 8 na cikin ɗaki ne, koyo da maimaitawa. In dai za ka zauna kusa da mai ganga ko mai kalangu, inci 12 kake nema, ba wata magana. Wat 50 da sifika inci 12 sun fi wat 100 na kan kwali da sifika inci 8, ko'ina za mu je a gwada.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai bawul, wato kwalaben nan da ke yin ja in sun yi zafi, irin wadda manyan makaɗan duniya sunka yi suna da ita, su Fender Twin Reverb da Deluxe Reverb, Vox AC30, Marshall JCM800. Sautinsu babu gardama, akwai wani taushi da nauyi da suke da shi in an buɗe su. Amma ni ban ba ɗan Kabi shawarar ta zama amfilifayarshi ta farko. Kwalaben kansu wuta ne, ka haɗa da zafinmu, sannan suna ƙarewa sai an canza, kuma masana'antun da ke yin su a duniya 'yan kaɗan ne, Rasha da Silobakiya da Sin, a 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi har Turai da Amurka sai da sunka yi ƙarancinsu balle mu. In ɗaya ta mutu ana gobe biki ina za ka same ta, Sakkwato ko Gusau? Ga nauyi, ga ba su son jijjiga, ka ɗora ta bayan mashin daga Badariya zuwa Kalgo kullum ai ka san ƙarshenta. Kuma in ka kunna ta babu sifika a haɗe za ka iya ƙone tiransifomar ciki. Iri na biyu mai tiransisto ce zalla, ba kwalba ba kwamfuta, irin su Peavey Bandit 112 da Roland JC-120 da Orange Crush. Na uku ita ce ta dijital, mai ƙwaƙwalwa a ciki da ke kwaikwayon sautuka iri-iri, nan Katana take, da Fender Mustang da Blackstar ID Core.

Da zan saye ta Legas na je, kasuwar Alaba da ke Ojo, don nan ne za ka ga kaya jere ka soka jita ka ji da kunnenka. Kano ma ana samu a Sabon Gari amma zaɓin bai kai ba. Na san akwai masu tallar kaya a Jiji da Facebook da WhatsApp, wasu masu gaskiya ne, amma amfilifaya ba a cinikin biri a sama da ita, bidiyon da mutum zai turo maka da waya ba ya nuna maka ko tana gunji, ko maɓalli na ƙara, ko sifikar ta tsage. Da jitata na tafi da wayar da nike haɗa ta da amfilifaya, kuma ku ma ku yi hakan, don jitar shago wani lokaci ta fi taka kyau sai ta rufe aibin amfilifayar, wani lokaci kuma ta fi taka lalacewa ka ƙi kaya mai kyau a banza.

Na taɓa Fender Champion 20, sautinta mai tsabta akwai daɗi irin na gidan Fender, amma inci 8 ce, na san ba za ta iya da fili ba. Champion 40 ita ke da inci 12, ta shiga raina sosai kuma har yanzu ina ce wa mutane in sun same ta da sauƙi su ɗauka. Marshall MG na ji ta, ta fi karkata wajen kaushi irin na kiɗan rok, ni kuwa rabin abin da nike bugawa salon nan ne na mutanen Agadas da muke ji ta wajen Kamba da Gaya, sai kiɗan biki da na Zabarmawa, sauti mai tsabta da ɗan gishiri nike so wanda kowace tsirkiya za ta fito daban. Wadda ta tsaya mini a zuciya ita ce JC-120 tokumbo da na gani wani shago. Tun 1975 Roland ke yin ta, sifika biyu inci 12, in ka kunna Chorus ɗinta sautin sai ya buɗe ya cika wuri, wallahi na daɗe zaune gabanta. Amma kusan kilo 28 ce, ga kuɗi, ni kuwa mashin gare ni ba mota ba. Bandit 112 ita ma tokumbo na samu, wat 80, jikinta duk tabo amma lafiya lau take magana. Tsakaninta da Katana na yi ta kai-kawo har mai shagon ya ce mini, Alhaji ka yanke shawara mana rana na yi.

Abin da ya sa na ɗauki Katana, na ɗaya nauyi, ba ta kai kilo 12 ba, hannu ɗaya nike ɗaukarta in ɗaure bayan mashin. Na biyu kayan ƙawata sauti duk suna ciki, amsa-kuwwa da maimaici da Chorus da na ƙara kaushi, har guda 5 za su iya aiki lokaci ɗaya, da Bandit na saya sai na koma sayen fedal, 'yan akwatunan canza sauti da ake takawa da ƙafa, ɗaya-ɗaya kowanne da kuɗinshi da batirinshi da wayarshi. Boss ai reshen Roland ne na Japan, su ne dama sunka yi suna wajen fedal, to su sunka zuba kayansu a ciki. A 2016 anka fara fitar da Katana, MkII ta zo 2019, lokacin a Amurka kuɗinta wajen dala 230 ne, yanzu kuma akwai Gen 3 da ta fito 2024. Kuɗin naira ba zan rubuta ba don abin da na biya ba shi za ka biya ba, dala ke jan shi, ka dai duba farashinta na waje a intanet kafin ka shiga shago ka san inda za ka fara tayi.

Yanzu ga wurin da nike roƙonku ku natsu. Kafin ka soka kowace amfilifaya tokumbo a bango, juya bayanta ka karanta abin da anka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce. Kayan Amurka 120 ne, na cikin Japan 100. In ka ga 117V ko 120V ka soka kai tsaye, in ka yi sa'a fiyus ne zai tafi, in ba ka yi ba hayaƙi za ka gani. Akwai wani ɗan uwanmu mai bugawa a coci can Zuru da yayanshi ya aiko mishi da amfilifaya daga waje, murna ta sa bai duba ba, ko sauti ɗaya bai ji daga gare ta ba. Ana iya amfani da irinsu da tiransifomar rage wuta, amma ka sani kaya ne na biyu da za ka riƙa ɗauka duk inda za ka, kuma ranar da wani yaro mai son taimako ya riga ka haɗa kaya wurin biki shi ke nan. Ni dai na nace sai mai 220 zuwa 240, sabuwa cikin kwalinta, kuma na sa anka rubuta mini lambar jikinta a rasit.

Gwajin da na yi a shago ba wani mai wahala ba ne. Na kunna ta ba jita na saurara ko tana gunji. Na murɗa kowane maɓalli daga farko har ƙarshe ina jin ko zai yi ƙarar ƙwar-ƙwar. Na soka waya na girgiza ta a ramin. Na buɗe ta sosai na bugi babbar tsirkiya ita kaɗai na bar ta tana amo, in sifika ta tsage ko wani abu ya kwance a ciki a nan zai tona kanshi. Sannan na bar ta kunne muna ciniki, don wata matsalar sai kaya ya ɗau zafi take fitowa. Mai shagon da ya hana ka yin wannan ka yi mishi sallama ka ƙara gaba, shaguna na da yawa. Wajen dawowa kuma ban yarda an jefa ta but ƙarƙashin buhuna ba, hanyar nan ta Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko har Jega kowa ya san yadda take, na biya mata wuri kusa da ni. In waybil za a yi maka ka ce a bar ta cikin kwalinta da soson nan fari, a ƙara wani kwali a sama.

To sautinta fa? Tana da murya 5, an rubuta Acoustic, Clean, Crunch, Lead, Brown, kowace kuma da 'yar uwarta in ka danna wani ɗan maɓalli. Ni a Clean da Crunch nike zaune. Clean ɗinta fes take, ba ta kai JC-120 faɗi ba, in na ce ta kai na yi ƙarya, amma in ka ɗan rage Treble ka ɗaga Middle ka sa maimaici kaɗan, salon Agadas na fita yadda ya kamata, yatsa na gudu kan tsirkiya kana jin kowane taku, babban yatsa na riƙe ƙasa bai cushe da sauran ba. Crunch da Gain, maɓallin ƙara kaushi, ƙasa da rabi shi ne na lokacin da wuri ya ɗau zafi mata sun shigo fili, in ka taɓa a hankali ta yi laushi in ka danna ta yi gurnani, wannan bin hannun shi ne abin da ban zata zan samu a amfilifayar dijital ba kuma shi ya fi komi burge ni. Lead da Brown na masu rok ne, suna da kyau a wurinsu amma ba na taɓa su sosai, kuma in jitarka irin Stratocaster ce mai maganaɗisu ɗaya-ɗaya za ka ji tsaki ya ƙaru in ka kai can, wannan halin jitar ne. Acoustic kuwa na gwada da jitar katako mai rami na waya, ta yi daidai gwargwado. Har gurmi munka manna wa 'yar na'urar ɗaukar sauti munka soka, maigidana da ya koya mini kiɗa ya saurara ya ce yaro wagga ta san mutunci, ba ta canza mishi murya ba.

Akwai maɓallin rage ƙarfi, wat 50 ko 25 ko rabin wat. Wanda ke zaune gidan haya ko gidan gado mai mutane da yawa zai gane darajar wannan. Bayan isha'i ina mayar da ita 0.5 in yi atisaye na a ɗaki, sautin na nan da jikinshi amma ko na tsakar gida ba ya damuwa, in dare ya yi nisa kuma in sa abin kunne. Mu da muke garin da dama wasu ke yi wa mai jita wani irin kallo, zama lafiya da maƙwabta ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni ina kashe ta duk lokacin da anka kira salla ko a wurin biki ne.

A fili, gaskiya tana ƙoƙari. Ƙaramin taro, walima, kamu, wasan makaranta, da ganga da kalangu da fiyano, wat 50 ɗin ya isa in ka ɗora ta kan kujera ko benci, kar ka aje ta ƙasa tana yi wa ƙafafun mutane kiɗa. Amma babban fili mai manyan sifiku dole jita ta bi ta mikisa, na'urar da ke haɗa sautuka ta kai su manyan sifikun, kuma a nan ne ƙaramar Katana ke da gaira. Ba ta da ramin fita na musamman zuwa mikisa. Ramin da ke akwai shi ne na abin kunne, kuma da ka soka waya a ciki sifikarta sai ta yi shiru, ka koma ba ka jin kanka sai ta sifikun can nesa. Maganin da nike yi shi ne in kafa makirfo gaban sifikar, ɗan gefe da tsakiya, irin Shure SM57 in an samu, in ba a samu ba kowane makirfo mai waya na yi. Katana 100 ita tana da wannan rami, kuma tana ajiye sauti 8 inda tawa ke ajiye 4, haka 50 ɗin da anka ƙara wa EX a suna ita ma an sa mata ramin. Duk wanda ya san aikinshi na manyan taro ne ya ƙara kuɗi ya ɗauki ɗayan waɗannan. Abin takawa na canza sauti da ƙafa shi ma ba ya cikin kwali, daban ake saye.

Wani abin kuma, rabin dukiyar da ke cikinta ba ka isa gare ta da maɓallan sama ba, sai ka haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB ka buɗe manhajarsu Boss Tone Studio, can ne za ka ga kayan ƙawata sauti sama da 60 da abin rage tsaki. Ga mai laftof abin daɗi ne, har ɗaukar sauti kai tsaye ake yi ta wannan waya ba sai da makirfo ba, 'yan situdiyo su lura. Wanda ba shi da ita ya nemi aro yini guda ya saita sautukanshi 4 ya ajiye, suna nan ko an kashe.

Maɓallanta a sama suke suna kallon rufi, bayanta kuma buɗe yake, to ka san hunturu. Na kai ta wurin tela ya auna ya ɗinka mata riga da yadi mai kauri, da na gama kiɗa ta huce sai in rufe. In maɓallin amfilifaya ya fara ƙara saboda ƙura akwai feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran waya da rediyo ke da shi, shi ake sa wa, kar wanda ya zuba mata man inji ko fetur. Rana kuma kar a bar ta ciki, baƙar fata gare ta tana shan zafi, in biki na yamma ne nemi inuwar rumfa ka bar bayanta na shan iska kar ka manna ta da bango.

Abin da ya fi damuna da ita, kuma shi ya sa na ce ba kowa zan ce ya saya ba, gyara ne. Bandit in ta lalace mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai buɗe ya auna ya ciro abin da ya ƙone ya sa wani, kayan cikinta sanannu ne. Katana kuwa kwamfuta ce, in allon ƙwaƙwalwarta ya tafi ba aikin dalma da ƙarfen liƙi ba ne, sai dai a nemo wani allon daga waje. Saboda haka ban taɓa soka ta a bango tsirara ba, kullum ta cikin sitabilaiza, ƙaramar mai 1000VA ta isa har ta yi yawa don ba ta cin wuta sosai, kuma na fi son mai ɗan jinkirin nan kafin ta saki wuta. In inji za a tada, sai ya tashi ya daidaita sannan in kunna, kafin a kashe shi kuma in riga kashewa, kuma ban yarda a haɗa ni layi ɗaya da firiza ko injin walda ba. Masu sola ku duba inbatarku, mai tsabtataccen igiyar wuta ake so, mai arahar nan tana sa amfilifaya zuzzz ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya san ba zai iya wannan lallaɓawar ba, ko kayan na ƙungiya ne hannu da yawa ke taɓawa, wallahi ya nemi Bandit mai 230 ya huta, ya sayi fedal ɗaya na maimaici ya ƙara.

Sai maganar da ta shafi rai. Gidajenmu da yawa ba a ja wayar ƙasa ba, inji kuma ba wanda ke kafa mishi ƙarfe a ƙasa. Tsirkiyar jitarka a haɗe take da jikin amfilifaya, in akwai matsala a wayarin, kana riƙe da tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo sai ka ji ta fizge ka, kuma mutane sun mutu ta haka a duniya. Kar ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, sayi adafta mai ƙafa uku. Kar ka buga ba takalmi kan ƙasa mai danshi, musamman da damina. In ka ji jita na ɗan cizonka a yatsa tsaya nan take a duba, ba jarumta ba ce ci gaba.

Ɗalibi da ke koyo a ɗaki, su 'yan poli da na jami'ar Kalgo da Aliero da ke tambayata, ba dole sai Katana ba, Champion 20 ko Orange Crush 20 ko ƙaramar Roland Cube ta ishe ku shekaru, ragowar kuɗin ku sayi wayar jita mai kyau da tsirkiya. Waya na da muhimmanci fiye da yadda kuke zato, rabin gunjin da ake ɗora wa amfilifaya daga waya mai araha yake, kuma wayar sifika ba ta jita ba ce ko da bakinsu iri ɗaya ne, ta jita tana da rigar ƙarfe a ciki mai tare tsaki. Mai jitar bas kuma don Allah kar ya ari ta abokinshi mai jita, bas na sauka har haz 41 inda jita ke tsayawa wajen 82, sifikar ba don wannan nauyin anka yi ta ba, buɗe ta da ƙarfi sai ta yage, akwai ta bas daban irin Fender Rumble.

Masu zuwa ƙauyukan bakin gulbi kuwa, wajen Argungu da Bunza da Dole Kaina inda wani lokaci ko inji babu, Katana 50 ba ta da batir, ba ta yi muku komi a can. Roland Cube Street EX ita ce ta wannan aikin, batir AA guda 8 take ci, tana kai wat 50, kuma tana da ramin makirfo mawaƙi ya shiga tare da kai. Ita nike tara wa kuɗi yanzu, in wani cikinku ya ga mai tsabta ana saidawa Kano ko Kaduna ya yi mini magana in zo in ji ta da kunnena.